Tsohon jirgin ruwa na Queen Mary da tarihin da muke sayarwa da kilo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a muhawarar da ake yi game da kayan tarihi da yawon buɗe ido a ƙasarmu. Na lura cewa duk wanda ya ɗauko wannan zance, maganarsa ba ta wuce masallacin Agadas da fadar Sarkin Damagaram da ƙasusuwan dabbobin zamanin da waɗanda ke gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Waɗannan duka sun cancanci a yi maganarsu, sai dai akwai wani rukuni na kayan tarihi da ba a cika tunawa da shi ba, wato motoci da injuna da jiragen fito da suka yi jigilar iyayenmu da kakanninmu a ƙarnin da ya wuce, waɗanda a yau ƴan gwangwan ke yankawa suna aunawa da kilo. Wani tsohon jirgin ruwa da na shiga a Amurka ne ya sa na kasa yin shiru a kan haka.

Ɗana da ke aiki a birnin Phoenix na jihar Arizona shi ya yi hayar irin motar nan mai ɗaki a cikinta, domin ya kai ni da mahaifiyarsa mu ga teku. Girmanta ya kai na ƙaramar bas, an shirya cikinta da gadaje da murhun gas da firiji da makewayi, ga tankin ruwa mai tsabta, ga kuma na ruwan datti. Da dare akan shiga wani fili da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, a biya kuɗin kwana, a jona wayar lantarki da tiyon ruwa, da safe kuma a zubar da ruwan dattin a ramin da aka tanada kafin a kama hanya. Tana shan mai ba kaɗan ba, kuma juya ta a cikin gari aiki ne, amma ga Musulmi matafiyi tana da amfanin da ba a raina shi, domin abin da zai ci daga tukunyarsa yake fitowa, ba sai ya tambayi kowa da wane nama aka yi girki ba, kuma in lokacin salla ya yi sai a ratse gefe, a yi alwala a cikin mota, a shimfiɗa darduma. Tsakanin Phoenix da Los Angeles akwai kimanin kilomita 600, galibinsu hamada ce da duwatsu. Daga can muka gangara kudu zuwa Long Beach ta babbar hanya mai lamba 710, wadda motocin kwantena suka cika maƙil saboda tashar jiragen ruwan garin tana cikin mafi girma a Amurka. A ƙarshen wannan hanya jirgin Queen Mary yake tsaye tun shekarar 1967.

Tsawonsa mita 310 ne, wato ya kusa rabin gadar Kennedy ta Yamai. Jikinsa baƙi ne, samansa fari, da bututun hayaƙi uku jajaye masu baƙin baki, kuma idan mutum ya matsa kusa zai ga kawunan ƙusoshin da aka ɗinke farantan ƙarfensa da su, jere bayan jere, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 10. Kowace ɗaya daga cikinsu mutane ne suka gasa ta a wuta suka buga ta da zafinta a ma'aikatar John Brown da ke Clydebank a ƙasar Sikotland. An fara ƙira shi a watan Disamba na 1930, amma bayan shekara guda karyewar tattalin arzikin duniya ta sa aka dakatar da aikin, dubban ma'aikata suka koma gida hannu rabbana, gangar jikin jirgin kuwa ta zauna tana tsatsa har fiye da shekara biyu. Sai da gwamnatin Birtaniya ta ba da rance, bisa sharaɗin kamfanin Cunard mai jirgin ya haɗe da abokin hamayyarsa White Star, sannan aka ci gaba. Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar, ita ta raɗa masa sunanta ranar 26 ga Satumba 1934, kuma ya yi tafiyarsa ta farko daga Southampton zuwa New York ranar 27 ga Mayu 1936. A lokacin gasar sauri ce ake yi tsakaninsa da jirgin Faransa mai suna Normandie: ya karɓi kambun tsallaka Tekun Atlantika a 1936, Normandie ya ƙwace a 1937, ya sake karɓa a 1938 ya riƙe har 1952.

Abin da ake fara nuna wa baƙo shi ne ɓangaren masu kuɗi, kuma gaskiya ya isa kallo. An lulluɓe bangayen da katako iri fiye da 50 da aka tattaro daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka a wancan zamani, an goge su har suna ɗaukar ido. Babban ɗakin cin abinci na masu aji na ɗaya ya haɗe tsayin hawa uku, kuma a jikin bangonsa akwai wata ƙatuwar taswirar Tekun Atlantika, Ingila a wannan gefe, Amurka a wancan, da layuka biyu a tsakani, ɗaya hanyar da jirgin ke bi da rani, ɗaya ta lokacin da ake gudun tsaunukan ƙanƙara. A kan layin akwai ɗan ƙaramin jirgi na gilashi wanda a da yake matsawa sannu a hankali, don mai cin abinci ya ɗaga kai ya ga inda aka kai a tsakiyar teku ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Ɗakunan kwanan waɗannan attajirai su ne aka mai da otal, mutum ya biya ya kwana a inda manyan duniya suka kwana.

Da na tambayi jagoranmu inda talakawa ke kwana, sai amsar ta zama gajeriya. Jirgin yana ɗaukar fasinja fiye da 2,000 da ma'aikata fiye da 1,000, an kuma raba fasinjan aji uku. Masu aji na ɗaya suna tsakiya inda ba a jin girgiza sosai, masu aji na uku kuwa suna can goshin jirgin inda igiyar ruwa ke fara duka. Lokacin da aka gyara shi don ya zama wurin shaƙatawa, an kwashe galibin abin da ke sassan ƙasa na jirgin, aka fitar da tukwanen tururinsa duka 27, aka cire ɗaya daga ɗakunan injinsa biyu da farfela uku daga cikin huɗu, aka kuma rushe yawancin ɗakunan ƙananan fasinja da na ma'aikata. Wato ko a ƙasar da ta kashe miliyoyi don ta adana jirgi, abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi shi aka fara jefarwa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin ciwonmu ɗaya da su, illa dai namu ya fi tsanani.

Duk da haka, ɗan abin da ya rage na ɓangaren aiki ya fi ɗakunan alfarma koya wa mutum abu. Ana sauka ta matakalar ƙarfe zuwa ɗakin injin baya, inda har yanzu warin tsohon man inji bai gushe ba, ga bututu a naɗe da farin rufi, ga agogunan awon tururi da allurarsu a kwance, ga manyan ƙafafun da injiniya ke murɗawa idan umarni ya zo daga wajen matuƙi. Daga nan ake bi ta wata ƙofa da aka huda a jikin jirgin zuwa wani ɗaki da aka gina a kewayen farfelar da ta rage. Tana nan cikin ruwa a ƙarƙashin ƙafar mai kallo, fitila na haska ta, faɗinta ya fi mita 5, nauyinta ya fi tan 30, kuma baƙi sun watsa ƙananan kuɗi a kan fikafikanta. Yaro ɗan makaranta da ya tsaya a wannan wuri zai fahimci yadda wuta ke tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya juya farfela, fiye da yadda zai fahimta daga zanen allo. Na koyar shekaru masu yawa, na san wahalar bayyana wa yaro injin da bai taɓa gani ba.

Sai kuma ɓangaren yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, an kwashe darduma da kujerun alfarma, aka shafe jirgin da fenti ruwan toka, aka cika shi da gadajen ƙarfe da tamfol masu hawa-hawa, har wurin ninkaya aka zubar da ruwansa aka jera gadaje. An bar kaɗan daga cikinsu don a gani, kuma tazarar da ke tsakanin gado da na samansa ba ta isa mutum ya zauna ba, sai dai ya shiga a kwance. Sojoji suna barci ne bi da bi, suna cin abinci sau biyu a rana rukuni rukuni. A wata tafiya a 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a lokaci guda, kuma a tsawon yaƙin ya yi jigilar sojoji fiye da 750,000, ya je Ostareliya, ya tsaya a Cape Town da Freetown, ya kuma ɗauki Firaministan Birtaniya Winston Churchill zuwa taro da shugabannin Amurka. Saurinsa ne kariyarsa daga jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, don haka aka umarce shi kada ya tsaya ko da me ya faru. Ranar 2 ga Oktoba 1942, a arewa da gaɓar Ailan, ya afka wa jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Curacoa da ke masa rakiya, ya raba shi biyu, ya wuce bai tsaya ba, mutum fiye da 330 suka halaka, aka kuma ɓoye labarin har ƙarshen yaƙi. Na yaba da yadda jagoran ya ba da wannan labari ba tare da kwaskwarima ba. Abin da ban yaba ba shi ne yadda ake tallata wurin da labarin fatalwa, ana karɓar kuɗi a zagaya da mutane cikin duhu su nemi abin tsoro, a jirgin da ke da labarin gaskiya mai nauyi irin wannan. Na gane dai neman kuɗin gyara ne ya kai su ga haka.

Maganar kuɗin nan ita ce darasi na biyu, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Jirgin sama ne ya kashe kasuwar irin waɗannan jirage, domin tun daga 1958 masu tsallaka Atlantika ta sama suka fi masu bi ta ruwa yawa, kuma wanda zai isa cikin sa'o'i ba zai yarda ya kwana huɗu ko biyar a teku ba. Birnin Long Beach ya sayi Queen Mary a 1967 a kan dala miliyan 3.45. Da yake ya fi ƙarfin mashigin Panama, sai da ya zagaya ta ƙarshen Kudancin Amurka kafin ya iso ranar 9 ga Disamba, aka kuma buɗe shi ga masu ziyara a 1971. Sayen ne abu mafi arha a cikin lamarin. Ƙarfe da ruwan gishiri ba sa ga maciji, kamfanonin da aka ba su riƙon wurin sun yi ta sauyawa, wasu sun durƙushe, kuma wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa gyaran da jirgin ke buƙata zai iya kai wa dala miliyan 289. An rufe shi a 2020 saboda annobar korona, birnin ya karɓi riƙonsa da kansa a 2021, aka sauke kwale-kwalen ceto da nauyinsu ke lanƙwasa gefen jirgin, sannan aka sake buɗe shi a 2023. Wannan a Kalifoniya ke nan, inda kuɗi ba su yi ƙaranci ba.

Mafi yawan takwarorinsa ba su samu ko wannan sa'ar ba. Normandie ya ƙone a tashar New York a 1942 ya kife. Jirgin France, wanda Faransawa suka yi alfahari da shi tun 1962, an yanka shi a Alang ta Indiya. Waɗanda suka fi kusa da mu ma haka: Aureol, da ya yi jigila tsakanin Ingila da Legas daga 1951 zuwa 1974, a Indiya ya ƙare a hannun masu yankan ƙarfe, shi kuwa Ancerville da ke zirga-zirga tsakanin Marseille da Dakar, an sayar wa China shi a 1973, kuma yana nan a birnin Shenzhen da sunan Minghua, ƴan China na shiga suna shaƙatawa. Ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwar Afirka ta Yamma ne suka hau waɗannan jirage, amma babu ko ɗaya da ya rage a gaɓarmu.

Na san wani zai ce mu da ba mu da teku, me ya haɗa mu da jirgin ruwa? Amsar ita ce kakanninmu da aka ɗauka aikin sojan Faransa a cikin jirgin ruwa aka kai su fagen fama, alhazanmu na da da suka bi ta Cadi da Sudan a jirgin ruwa suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma kusan duk abin da ke kasuwar Tawa na ƙetare ta teku ya zo kafin ya hau mota. Amma ba jirgin teku nake neman a sayo mana ba. Mu Adarawa, abin da ya yi mana aikin da waɗannan jirage suka yi wa Turawa shi ne babbar mota. Babu gida a Tawa da Keita da Buza da Illela da ba a taɓa raka ɗan ci-rani tasha ba, ya hau saman kaya a bayan Berliet ko Saviem, da tabarmarsa da ɗan buhun garinsa, ya nufi Abijan ko Kumasi ko Legas. A cikin waɗannan motoci aka kwaso kuɗin da aka yi aure da su, aka sayi shanun huɗa, aka rufa ɗakuna da kwano. Su suka ɗauki gyaɗa da auduga, su suka kai kaya Arlit kafin a shimfiɗa kwalta a hanyar. Ina suke yanzu? Ina jiragen fiton da ke tsallakar da mutane da motoci a kogin Isa kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970? Ina tsofaffin injunan gurzar auduga, da na'urorin buga waya na gidan waya, da injunan ɗab'in da suka buga jaridunmu na farko? Duk wanda ya ratsa bayan garejojinmu ya san amsa, domin ana sayar da su ga mai sikeli, wasu su zama murhu da tukunya a hannun maƙera, saura su tsallaka iyaka a matsayin tarkacen ƙarfe. Ba na zargin mai sayarwa, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin yana da wata daraja bayan nauyinsa.

Ba wai ba mu iya ba ne. Da wani direba ya buge Bishiyar Tenere a 1973, hukuma ta ɗauko gangarta tun daga cikin sahara ta kawo Yamai ta gina mata rumfa a gidan tarihi, kuma har yau yara na zuwa kallonta. Shi kansa gidan tarihin, wanda aka kafa a 1959, ya zo da dabara mai kyau tun farko, inda aka ba maƙera da dukawa da masaƙa wuri a cikinsa suna aiki suna sayarwa, ta yadda wurin yake da rai kullum. Ƙasar da ta ga darajar busasshen icce har ta yi masa ɗaki ba za ta kasa ganin darajar motar da ta ciyar da jiha guda ba.

Sai dai abin da ya samu Long Beach ya isa gargaɗi, kuma Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a fara da babban gini da bikin aza harsashi, a ƙare da kufai da maigadi ba albashi. Mota ɗaya mai sauran kamanni ta isa a fara da ita. A sa ta ƙarƙashin rumfar kwano a wani fili na ma'aikatar magajin gari ko na makarantar koyon sana'a, a ɗora ta a kan dakali don kada ƙasa ta ci ta, a damƙa kula da ita ga ɗaliban kanikanci su riƙa shafa mata mai da fenti a matsayin darasi. Muna ma da sa'ar da Amurkawan ba su da ita, domin busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar ruwan gishiri, abin da zai ci musu miliyoyin daloli mu ƴan jikkuna ne a shekara. Ƙungiyar direbobi da ƴan kasuwarmu mazauna ƙetare, waɗanda da yawansu a bayan irin wannan mota suka fara fita, ba na jin za su ƙi sa hannu idan suka ga an tsara abin da gaskiya kuma an bayyana inda kowane dala ya shiga. Kuma idan an ajiye ta, a ajiye ta yadda take, da katakon bayanta da igiyoyinta da rubutun da ke goshinta da wurin da karen mota ke maƙalewa, kada a wanke ta a bar mazaunin direba kaɗai.

Abin da ya fi ƙarfen gaggawa shi ne mutanen. A cikin Queen Mary an sa hotuna da bayanan waɗanda suka yi aiki a cikinsa da sojoji da matan da ya kai wa mazajensu Amurka bayan yaƙi, kuma waɗannan ne ke sa baƙo ya daɗe a tsaye. Mu namu tsofaffin direbobi da karnukan mota da ƴan kamasho suna nan da ransu a Tawa da Ƙonni da Madawa, sun san kuɗin mota zuwa Abijan a zamaninsu, sun san kwana nawa ake yi, da inda ake yada zango, da yadda ake fitar da mota daga rairayi da faranti, amma kullum ana ragewa. Wayar hannu ta isa a ɗauki muryarsu. Saboda haka nake roƙon wannan jarida ta tura wakilanta na jihohi su zauna da waɗannan dattawa, ta keɓe musu shafi ko da sau ɗaya ne a wata, ta kuma nemi masu karatu da suka san inda wata tsohuwar mota ko inji ko jirgin fito yake kwance su rubuto su faɗi wurin da halin da yake ciki, domin a samu jerin da za a miƙa wa ma'aikatar al'adu da magadan gari. Idan wakilinku ya zo Tawa, ni da kaina zan raka shi wajen dattawan da na sani a tsohuwar tasha.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.